Sau Uku da Ɗan Ƙari

Ni ban taɓa zama a kan benci ba.
Shekara arba'in da 'yan kai
ina zana hula a Soron Ɗinki,
biro a kunne, ƙyalle a gwiwa,
sai ga Yahanasu, jikata, da takarda:
wai Malama Barira tana roƙo
in zo in koya wa 'yan aji huɗu lissafi.

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Lissafina bai wuce canjin Kurmi ba.
Amma na je, don yarinyar ta kafe.

Ajin ya cika maƙil, silin ya yi ciki,
fanka ɗaya, ita ma ta gaji.
Suka ƙura mini ido
kamar na zo rabon alewa.
Ban san abin faɗa ba,
sai na fito da abin da na sani:
zare, allura, murfin kwano, farin yadi.

Na kifa murfin, na bi bakinsa da biro.
Malama ta ce, "Wannan da'ira ce."
Na ninke yadin biyu, na sake ninkewa,
na buɗe: ga cibiya ta fito da kanta.
"Rabi," in ji ta, "sai rubu'i."
Na ja gida-gida irin na gefen hula,
kowane gida kusurwa huɗu, babu mai fin wani.
Na tsaga ɗaya daga kunne zuwa kunne,
sai wani yaro mai gibi, Sagiru,
ya yi tsalle: "Alwatika biyu!"
Ni da nake ce musu haƙoran kada.

Suka ɗauki alli suka bazu a siminti.
Gida takwas a jere, jere shida,
Ladidi ta ƙirga da yatsa, ta ɓata, ta koma,
can ta ɗago: "Ai ba sai na bi su ɗaya-ɗaya ba!"
Malama ta dube ni, ta yi shiru,
shirun mai girki da ya ji ƙamshi ya tashi.

Sai na nuna musu abin da ubana ya nuna mini
ranar da na ɓata masa yadi.
Ka auna saman hula da zare,
daga baki zuwa baki, ta cibiya.
Zaren nan sau uku, da ɗan ƙari,
shi zai zagaye kan mai hula.
Ka manta ƙarin, hula ta matse,
mai ita ya dawo yana huci.

Suka gwada a murfi, suka gwada a bokiti,
suka gwada a faifai, har da kan Sagiru.
Ko'ina uku, ko'ina ɗan ƙarin nan
yana leƙowa kamar wutsiyar ƙadangare.

"Baba, nawa ne ƙarin?" in ji Yahanasu.
Na ce, "Ido ne ke sani."
Malama ta je allo ta sa uku, ta ɗiga ɗigo,
ta yi ta jera lambobi har allo ya ƙare.
Ta ce masana sun daɗe suna bin sa,
har yau ba su ga ƙarshensa ba.

Jikina ya yi sanyi.
Ashe abin da nake tsunkulowa da farce
tsakanin azahar da la'asar
ba shi da iyaka.

Da aka tashi, na biyo ta Kwanar Goda a ƙafa,
ina kallon tayar Keke, bakin rijiya,
tiren mai tallan gurasa.
Hannuna cike da ƙurar alli.
Ban wanke ba sai da aka kira magariba.